Kafin zuwan ejan: masu gidan Sabo

'Yan'uwa, kula da gidajen baƙi tsohuwar sana'armu ce. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Badun a 1916, maigida ke sauke fataken shanu da goro. Ya ba su masauki, ya ajiye musu kuɗi, dillalansa su sayar, in mahauci ya ɗauki sa bashi shi ne mai lamuni. Malaminsa kuwa na rubuta lissafi. Abner Cohen ya bayyana tsarin a littafinsa na 1969.

Jarin maigida sunansa ne: ranar da ya ci amana, baƙi su ƙaurace masa. Yau wasu magada na miƙa gidajen nan ga ejan ba yarjejeniya, ba rasit. Kakanninmu, duk da yardar da ke tsakaninsu, sai da suka rubuta.