Tabo a hoto: ƙura ce ko lalacewar kyamara?

Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara zuwa garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo a jihar Kano. A lokacin ne masu ɗaukar hoton biki kan ga tabo a hotunansu.

Tabon iri biyu ne. Ƙurar da ta shiga kyamarar dijital yayin sauya gilashi, ta kwanta kan farantin da ke karɓar haske, takan bar tabo mai duhu, dishi-dishi. Ana gane ta idan aka tsuke ƙofar haske zuwa f/22, aka ɗauki farin bango.

Idan kuwa ɗaya daga ƙwayoyin farantin ce ta maƙale, za a ga ɗigo ja, kore ko shuɗi, wanda ke fitowa ko da an ɗauki hoton gilashin na rufe.

Ana fitar da ƙura da robar hura iska, ban da hurawa da baki. Maƙalalliyar ƙwaya ba ta gogewa, amma kyamarori da dama na da tsarin ɓoye ta.