Wa Ya Ɗauki Muryar Kakarki?

'Yar'uwa, bari in fara da tambaya. In yau kika so jin muryar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999, ai sai dai ki latsa waya kawai. To, kakarki fa, wadda ta goya ki tana yi miki waƙar raino, ina za ki latsa ki ji ta?

Ni dai tawa an taɓa ɗaukar muryarta, sau ɗaya tak. Ina 'yar shekara tara aka yi wani biki a ƙauyenmu da ke tsakanin Batsari da Safana. Kawuna, malamin firamare, ya shigo cikin gida da rikodarsa, mata na kiɗan ƙwarya. Ya kifa turmi, ya ninka zane ya ɗora ta a kai don kada ta kwashi girgizar ƙasa. Ya matsar da ita kusa da tsohuwa, nesa da ƙoren, wai in ba haka ba kiɗa zai danne murya. Da ya mayar da kaset ɗin baya ta ji kanta, sai ta kama baki ta ce, "Kai yaro, wace ce wannan ke kwaikwayona cikin akwati?"

Abin da kawuna ya yi a ranar shi ake kira ɗaukar sauti, kuma sana'a ce mai dogon tarihi. A 1877 wani Ba'amurke, Thomas Edison, ya ƙera na'urar farko da ke kama murya ta sake maido ta. Daga baya aka samu faifan garmaho, wanda ya iso ƙasar Hausa zamanin Turawa. Amma fa garmaho ji kawai ake yi da shi. Wanda zai shiga faifai sai wanda kamfani ya zaɓa, kamar yadda EMI ya ɗauki Shata. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, ma'aikatansa suka tara muryoyin su Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, aka adana. Allah Ya saka musu. Sai dai ki lura, masu riƙe da na'urar maza ne, kuma baƙon namiji iyakarsa zaure. Matan da suka samu shiga 'yan kaɗan ne, irin su Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, mai amada, wadda ta rasu a 2013. Waƙar daka, waƙar niƙa, waƙar daɓe da kiɗan shantu kuwa, yawanci a tsakar gida suka tsaya.

Kaset ne ya fara buɗe mana ƙofa. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma a shekarun 1970 rikoda ta bazu, har alhazai kan yi tsarabarta daga Makka. A karon farko talaka ya iya ɗaukar muryar wanda ya ga dama. Wadda ta yi wayo a lokacin ba ta manta yadda ake shanya batir a rana ba, ko naɗe zaren kaset da biro in rikoda ta tauna shi.

Daga nan sai Kano. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, harkar fim ta buƙaci waƙoƙi, aka buɗe situdiyo irin ta Iyan-Tama, fiyano ɗaya na Yamaha ya riƙa fitar da kalangu, sarewa da ganga. A nan ne haɗa sauti ya zama hanyar cin abinci. A manna soso a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa, a ɗauki kiɗa daban, murya daban, sannan mai haɗawa ya zauna ya daidaita su, ya rage nan ya ƙara can. Mata irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba sun yi suna a gaban makirfo, amma kujerar mai haɗawa galibi ta maza ce. Kwamfuta ta zo ta sauƙaƙa aikin, wayar hannu ta shigo a 2001, a hankali har ta zama rikodar da ke cikin jakar kowa.

Kin san abin da ya sami kaset ɗin kakata? Yayana ne ya toshe ramin da ke samansa da takarda, ya ɗora waƙar Indiya a kai. Tsohuwa ta rasu bayan shekara biyu. Wallahi har yau nakan tuno amshin, amma baitocin sun tafi. Ban ga laifinsa sosai ba, don mu duka ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Sai an rasa ake sanin babu.

Yanzu kuwa abin ya fi da gaggawa. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa. Tun wajen 2019 da 'yan bindigar dajin Rugu suka matsa wa ƙauyukanmu, dandalin gaɗa ya watse a wurare da yawa, tsofaffi suka yi gudun hijira zuwa Batsari da Katsina. Waƙa kuwa ba rogo ba ce da za a bari a ƙasa a dawo a tona. In mai ita ta tafi, ta tafi da ita.

To, 'yar'uwa, ke ce ke shiga inda na'urar maza ba ta shiga ba. Ki nemi yardar tsohuwa tukuna. Ki zaunar da ita a ɗaki mai katifa da labule, ki kashe fanka, ki kori yara da kaji. Ki ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinta, kada ki riƙe a hannu. Ki fara faɗin sunanta, garinsu da ranar da aka ɗauka. In kin gama, ki ajiye a wuri biyu, kada abin da ya same ni ya same ki.

In kuma 'yarki ta nuna sha'awar koyon haɗa sauti, kada a yi saurin ce mata roƙo ne. Karatu, wa'azi da shirin rediyo duk sai da wannan aikin suke fita tas. Ni dai na ɗauki tsofaffi uku a unguwarmu, ɗaya cikinsu ta rasu da azumin bara. Jikokinta har gida suka zo na tura musu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.