Lissafin Gado da Lissafin Inshora a Zazzau

Tun kafin a ji sunan inshora a Arewa, zaurukan malamai na Unguwar Juma da Kona a cikin birnin Zazzau suna da gwanayen lissafin abin da mamaci ya bari. Sai almajiri ya kusa sauke Risala yake isa babin gado. Kakana da tsinke yake zana mana mas'ala a ƙasa: mutum ya rasu ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Asali 24 ne, amma rabonsu ya kai 27, sai tumunin matar ya koma ɗaya cikin tara. Wanda ya warware irin wannan a gaban malam, shi ake yarda ya raba gado, kuma izinin malaminsa ne shaidarsa.

Turawa kuwa gaba suka hango: shekara nawa ake sa ran mutum zai ƙara, nawa zai riƙa zubawa a inshora? A 1693 Edmond Halley ya tsara jadawalin rayuwa daga rajistar garin Breslau. A 1848 masu sana'ar lissafin inshora suka kafa cibiyarsu a Landan, kuma har yau jarrabawarsu hawa-hawa ce, tana cin shekaru. Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da fannin, amma digiri somin-taɓi ne. Ina takaicin yadda yaranmu na birni ke tsoron wannan fanni, alhali jikokin masu hisabi ne.