Kirsimetin Anloga, Daga Bukkar Ganye Zuwa Bishiyar Roba

Anloga ta Kumasi takwarar wata Anloga ce da ke bakin teku kusa da Keta. Mutanen Ewe ne suka zo da sunan, suka zo da sana'ar kafinta, suka kuma zo da cocinsu. 'Yan mishan na Bremen sun shiga ƙasar Ewe a 1847, suka zauna a Keta a 1853, don haka kakannin maƙwabtanmu 'yan Ewe sun san Kirsimeti tun Kumasi ba ta buɗe masa ƙofa ba. A ƙasar Tonawa, inda Kumasi take, sai da aka sha wuya. Fritz Ramseyer na mishan ɗin Basel ma da fursuna ya fara: Tonawa sun kama shi a Anum a 1869, aka sake shi a 1874, bai samu ya kafa mishan a Kumasi ba sai 1896.

Ni a cikin garin katako na Anloga ta Kumasi na tashi. Iyayena 'yan arewa ne, Kiristoci a tsakiyar maƙwabta Musulmi, Hausa ce ke haɗa mu kamar ko'ina a zango. Da Disamba ta kama, zarto ba ya hutawa, don kowane magidanci yana son sabuwar kujera ko gado kafin Bronya, wato Kirsimeti. Mu yara guntayen katako muke bi. Da su da ganyen kwakwar manja muke gina bukkar Kirsimeti, al'adar da yaran Gana suka daɗe da ita. 'Ya'yan Musulmi sun fi mu iya ɗaurin ganye, mu ma dai ba a barin mu a baya ranar naman layya. Daren 24 ga wata, in an taso daga coci, sai mu cusa kai cikin bukkar, mu kunna kyandir, sanyin hunturu yana shigowa ta kowace kafa. Yaron da ya kwana a nan ba ya bukatar dogon wa'azi kafin ya gane labarin da Luka ya bayar a Linjila, na haihuwar Yesu a inda ba masauki.

Kada wani ya ce a da ba a sayayya. Ana yi. Atamfa, kaza, shinkafa, biskit ɗin Piccadilly, kwalbar Fanta da ake kurɓa a hankali don kada ta ƙare. Amma ita ke nan, an gama.

Da aka zo gina hanyar Oforikrom zuwa Asokwa, aka kwashe kafintocin zuwa Sokoban, guntayen katako suka bi su. Yanzu bishiyar roba daga Sin ta cika kasuwannin Adum da Kejetia tun Nuwamba, talla kuma ta biyo mutum har cikin waya, da tayin bashi a gefenta. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, amma na ga iyaye suna cin bashi don kada ɗansu ya je coci da takalmin bara. Ban ga laifinsu ba. Kunya ce, kuma kasuwa ta san haka.

Abin da ya fi damuna, yaro ya koma ɗan kallo, komai sai dai a saya a miƙa masa. Iyaye da fastoci, har yanzu ganyen kwakwa bai yi tsada a ƙasar Tonawa ba. Ku nema wa yaran nan fili a bayan coci, ku bar su su gina da hannunsu.