Roƙo da Ƙauna: Sake Auna Hujjar Nygren a Kan Addu'ar Mai Buƙata

Tsakure

Wannan maƙala tana jayayya da ra'ayin da ke cewa ƙaunar da ta taso daga buƙata son kai ce, don haka addu'ar roƙo ba ta kai Kirista ga ƙaunar Allah ta gaskiya. An auna hujjojin Anders Nygren da koyarwar Agustin na Hippo da ta Bernard na Clairvaux. Matsayin maƙalar shi ne, roƙon da ya ci gaba bayan an hana shi abin da ya nema, muddin yana tare da dogara, yana cikin hanyoyin da ƙaunar Allah take yin zurfi.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a taron fastoci ko ajin makarantar tauhidi a Arewa ya san ƙorafin nan, cewa addu'ar mutanenmu ta zama ciniki. Ana shuka iri don a girbi mota, ana azumi don a sami aiki, in abin bai zo ba a sauya majami'a. Ƙorafin yana da gaskiyarsa. Abin da ya tada wannan maƙala shi ne maganin da wasu suke bayarwa: wai roƙo matakin jarirai ne a bangaskiya, wanda ya balaga sai ya ajiye buƙatunsa ya tsaya ga yabo da godiya. A ganina wannan magani ya fi cutar haɗari. Nygren da kansa bai hana kowa roƙo ba, amma bangon da ya gina tsakanin buƙata da ƙauna shi ne majinginar wannan ra'ayi, saboda haka da shi ya kamata a yi muhawarar.

2.0 Abin da Nygren ya ce

Tarihin muhawarar sananne ne (Nygren, 1930, 1936; Burnaby, 1938). Nygren, malamin tauhidi a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin wanda daga baya ya zama bishop a can, ya raba ƙauna gida biyu. Agape tana saukowa daga Allah, ba ta duban cancantar wanda ake ƙauna, ba ta neman lada. Eros tana hawa daga mutum, tana neman abin da za ta cike giɓinta da shi, ko da abin nan Allah ne. Ya zargi Agustin (354-430) da gauraya su, ya yaba wa Martin Luther a kan sake raba su. A wurinsa Kirista bututu ne da ƙaunar Allah take ratsawa ta kai ga maƙwabci, abin da ya fi dacewa ya mayar wa Allah kuwa bangaskiya ce.

3.0 Hujja ta farko: mai buƙata kansa yake so

Wannan ce mafi ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. In ina neman Allah domin shi ne zai ƙosar da ni, to ni ne manufa, Allah hanya ce kawai. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Tsohon zargi ne, shi Shaiɗan ya yi wa Ayuba tun a babin farko na littafinsa (Ayuba 1:9-11), cewa tsoron Allahn nasa na dukiya da 'ya'ya ne.

Sai dai hujjar ta tsaya a kan wani zato da ba a faɗa ba, cewa abin da mutum yake so ranar da ya fara durƙusawa shi ne zai ci gaba da so har ya mutu. A nan nake jin Agustin ya fi Nygren sanin ɗan Adam. Wajen shekara ta 412 ya rubuta wa Proba, wata gwauruwa mai dukiya da ta gudo Arewacin Afirka bayan faɗuwar birnin Roma a 410, wasiƙar da aka sani da ta 130. Ta tambaye shi yadda za ta yi addu'a. Ya tunkari tambayar da ke damun kowa: tun da Uba ya san buƙatarmu kafin mu roƙa (Matiyu 6:8), mene ne amfanin roƙon? Amsarsa ita ce, ba don a sanar da Allah ake roƙo ba, don burin mai roƙon ya sha horo ne har ya iya ɗaukar abin da Allah yake shirin ba shi. A wa'azinsa kan Wasiƙar Yohanna ta Fari ya kwatanta abin da buhu: in kayan da za a zuba sun fi bakinsa, sai an ja shi an buɗa. Jinkirin amsa yana buɗa buri, buri kuma yana buɗa zuciya.

Bernard na Clairvaux (1090-1153), shugaban wani gidan sufaye a Faransa, ya bi wannan tafiya daki-daki. Mutum yakan fara da son kansa don kansa. Wahala ta koya masa cewa bai ishi kansa ba, sai ya nemi Allah don amfanin kansa. Abin lura shi ne Bernard bai tsine wa wannan mataki na biyu ba. Ya ce yawan buƙata yana sa yawan zuwa, yawan zuwa yana sa sabo, da sabo kuma mutum yake ɗanɗana ko wane ne Allah har ya fara ƙaunarsa don shi kansa. Ke nan ƙofar da Nygren yake so a toshe ita ce wadda yawancin mutane suke shigowa ta cikinta.

A leƙa taron Zumuntar Mata a ƙauye ranar mako. An ajiye tulu da caki bayan waƙa, shugaba ta ce a kawo roƙe-roƙe. Wannan kuɗin makarantar ɗanta, waccan ruwa ya ɗauke gero yana fid da kai, wata mijinta yana hannun masu garkuwa. Ba wadda ta kawo abin da littafin Nygren zai kira agape. Amma a saurari tsohuwar da aka ce ta rufe da addu'a. Tana ambaton kowace buƙata da sunanta, ba ta jin kunyar ko ɗaya, kuma muryarta ta wadda ta daɗe da sanin wanda take magana da shi ce. Tun tana amarya take roƙo, an ba ta wasu an hana ta wasu, ga ta nan har yau. Wanda zai ce ƙaunar kanta ce ta riƙe ta, sai ya bayyana mana abin da ya hana ta tashi sa'ad da cinikin ya daina riba.

4.0 Hujja ta biyu: Bulus ya fi son a ce bangaskiya

Nygren ya lura cewa Manzo Bulus bai cika yin maganar ƙaunar mutum ga Allah ba, ya fi maganar bangaskiya. Lurar daidai ce, hukuncin da aka ɗora mata ne ya wuce gona da iri. Bulus ya ambaci masu ƙaunar Allah a Romawa 8:28 da 1 Korantiyawa 2:9 da 8:3, kuma Yesu ya sa ƙaunar Allah a kan dukan umarnai (Markus 12:29-30). Ayar da ake yawan jawowa, 1 Yohanna 4:19, tana nuna wanda ya fara ƙauna ne, ba ta soke amsar wanda aka ƙaunata ba.

Abin da ya fi nauyi shi ne yadda Bulus ɗin ya yi addu'a. Sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alkawarin alheri mai isarwa, ya karɓa (2 Korantiyawa 12:7-10). A Getsamani ma Ubangiji bai haɗiye roƙonsa ba. Ya kira Allah da sunan da ɗa yake kiran mahaifinsa, ya nemi a ɗauke ƙoƙon, sa'an nan ya miƙa al'amarin ga nufin Uban (Markus 14:36). An yi roƙon sosai tukuna, aka kuma sake shi a hannun wanda aka roƙa. Ban ga yadda za a yanka wannan gida biyu a ce rabi bangaskiya rabi ƙauna ba. Halitta ba ta da abin da za ta ƙara wa Mahalicci, don haka watakila dogara ita ce siffar da ƙaunarta take ɗauka: ta ba shi amanar abin da ya fi mata tsada, ta bar shi ya yanke.

5.0 Hujja ta uku, da iyakar da'awarmu

Mai bin Nygren zai ce: ga mutane nan sun shekara da shekaru suna kwanan addu'a, ba su tashi daga mataki na biyu na Bernard ba. Wannan gaskiya ne, kuma ya tilasta a rage faɗin da'awar. Roƙo shi kaɗai ba ya haifar da ƙauna. Abin da nassi da shaidar magabata suke iya ɗauka ya fi haka ƙanƙanta: inda aka roƙa da gaske, aka hana, mai roƙon kuma ya ci gaba da zuwa yana danƙa al'amarinsa, a nan ne ake iya ganin ƙaunar da ba ta rataya ga kyauta ba. Abokan Daniyel uku sun furta cewa Allah yana da ikon cetonsu, sun kuma ƙara da cewa ko bai cece su ba ba za su yi wa gunkin sujada ba (Daniyel 3:17-18). Habakuk ya yi irin wannan furci a kan gona da garke da suka tashi a banza (3:17-18). Zabura ta 88 ta ƙare ba tare da sauƙi ba, amma daga farkonta har ƙarshe da Allah take magana.

Ikilisiyar Arewa ba baƙuwar wannan ba ce. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan matan Chibok, da yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, a watan Oktoba kuma hedikwatar ikilisiyar da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram. Iyaye sun roƙa, wasu 'ya'yan sun dawo, wasu har yanzu. Ba na cewa masifa alheri ce, ba na kuma cewa duk wanda ta same shi ya fito da ƙauna mai zurfi. Akwai wanda ta karya shi, kuma ba mu da hurumin hukunta shi. Abin da nake cewa shi ne, uwar da take ci gaba da ambaton sunan 'yarta a gaban Allah ba ta faɗi daga ƙauna zuwa ciniki ba. In aka gaya mata cewa balaga ita ce ta daina roƙo, an raba ta da wurin da take saduwa da shi.

6.0 Kammalawa

Nygren ya yi wa ikilisiya hidima da ya tuna mata cewa Allah ne yake farawa, kuma ba a sayen ƙaunarsa. Kuskurensa, a fahimtata, shi ne ya ɗauki buƙata a matsayin ƙazanta, alhali ita ce halin duk abin da aka halitta. Maganin addu'ar ciniki shi ne a koya wa mutane abin da za su yi ranar da aka hana su. Wannan yana da abin da yake nufi a aikace. A majami'unmu lokacin shaida kusan duka na waɗanda suka samu ne: an warke, an haihu, an ci jarrabawa. Ya kamata fastoci da dattawa su buɗe wuri ga wanda ya roƙa bai samu ba, ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya riƙe shi. Ya kamata kuma makarantun tauhidi su koyar da zaburan kuka da wasiƙar Agustin ga Proba tare da darussan addu'a, domin faston da za a tura ƙauye zai fi yawan zama da waɗanda ke jiran amsa fiye da waɗanda suka riga suka karɓa.