Sawakin: Yadda Tsibirin da Ba Ruwan Sha Ya Zama Gari

Sawakin ɗan ƙaramin tsibiri ne a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, kuma tarihinsa shaida ne cewa ba kullum sarki ke kafa gari ba. Wani lokaci wuri ne ke kiran mutane. Bakin tekun wannan yanki cike yake da duwatsun murjani masu farfasa jirage, amma a Sawakin akwai wata siririyar mashiga da ke ratsa su, ta kai jirgi cikin kwantaccen ruwa wanda iska ba ta damunsa, tsibirin kuwa yana zaune a tsakiya. Ga Jidda a tsallaken teku, ga ƙasar Beja masu raƙuma a baya, daga can kuma hanyar ayari har kogin Nilu. Tun a ƙarni na 10 masanin nan na Yaman, al-Hamdani, ya ambaci garin a matsayin tsohon wuri.

Akwai masu cewa Sawakin ba ta zama wani abu ba sai da Aizab, babbar tashar alhazai da ke arewa da ita, ta mutu a ƙarni na 15, wato ta ci gadon wata ne kawai. Gaskiya ne faɗuwar Aizab ta juyo da fatake da alhazai kudu, amma ba a sauke kaya inda babu masauki. Tun a ƙarni na 13 Sarkin Masar Baibars ya ga garin ya isa a tura masa runduna. Da Ibn Battuta ya sauka a ƙarni na 14, ya tarar da Sharifi ɗan sarkin Makka yana mulki, sarautar kuma ta wajen kawunansa Beja ya same ta. Ya kuma ga tsibirin ba shuka ba rijiya, sai ruwan da ake kawowa a kwalekwale da na sama da ake tarawa. Mutanen da ke sayen ruwan sha daga maƙwabta dole su zauna lafiya da su, kuma wannan zumunci tsakanin 'yan teku da makiyaya shi ne ginshiƙin garin.

Wasu kuma suna ba Turkawan Usmaniyya ladan, ganin gidajen dutsen murjani masu tagogin katako sun yawaita bayan da suka karɓi Masar a 1517. Sai dai Turkawa kasuwa suka tarar tana ci. A 1541 Turawan Fotugal sun ga jirage kewaye da tsibirin, ana ɗora katako daga jirgi zuwa ɗakin ajiya ana sauke kaya. Siririyar mashigar nan ta tsibirin dai, da ta yi wa jiragen ƙarfe kaɗan, ita ta sa aka kafa Port Sudan a 1905, ciniki ya koma can. Alhazan ƙasar Hausa da suka yi tattaki zuwa Makka sun ci gaba da ƙetarawa ta Sawakin, domin mulki na iya kawar da kasuwa, amma bai iya gusar da Jidda daga inda take ba.