Sayen bindiga a Amurka: Yadda binciken mai saye ke kai wasu hannun 'yan sanda

A Amurka, duk wanda ya je sayen bindiga wurin dillali mai lasisin gwamnatin tarayya sai an bincika tarihinsa kafin a miƙa masa ita. Galibi binciken ba ya wuce 'yan mintoci. Sai dai akwai waɗanda suka shiga shago da kuɗinsu suka fito da ankwa a hannu, domin binciken ya nuna cewa kotu ta daɗe da ba da sammacin kama su. Ko za a kama mutum ko a bar shi ya tafi, ya danganta da jihar da yake ciki da kuma irin sammacin da ke kansa.

Asalin dokar

Kundin tsarin mulkin Amurka, a gyaransa na biyu, ya amince da 'yancin mallakar makami. Amma a 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Sanata Robert Kennedy, majalisar dokoki ta yi dokar da ta haramta wa wasu rukunin mutane riƙe bindiga. A yau jerin ya ƙunshi wanda aka samu da laifin da hukuncinsa ya haura ɗaurin shekara ɗaya, da mai gudun shari'a, da mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, da wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, da baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, da wanda aka samu da laifin cin zarafin iyalinsa.

Shekara da shekaru dillali yana dogara ne da abin da mai saye ya rubuta da hannunsa. Abin ya sauya da Dokar Brady, wadda Shugaba Bill Clinton ya sanya wa hannu ranar 30 ga Nuwamba, 1993. An sa mata sunan James Brady, kakakin Shugaba Ronald Reagan, wanda ya nakasa a harin da aka kai wa Reagan a watan Maris na 1981. Dokar ce ta haifi tsarin bincike na ƙasa da ake kira NICS, wanda ya fara aiki a Nuwamban 1998 a ƙarƙashin hukumar FBI, daga ofishinta da ke Clarksburg a jihar West Virginia.

Yadda binciken ke gudana

Mai saye zai nuna katin shaida mai hoto, sannan ya cike fom mai lamba 4473 na hukumar ATF, wadda ke kula da harkar makamai. Cikin tambayoyin fom ɗin akwai wadda ke cewa ko shi mai gudun shari'a ne. Yin ƙarya a nan laifi ne da ke iya jawo ɗaurin da ya kai shekara goma.

Daga nan dillali zai aika bayanan ta waya ko ta intanet. Za a duba sunan a rumbunan bayanai guda uku: na tarihin laifuffuka, da na waɗanda aka haramta wa bindiga, da kuma NCIC, inda 'yan sanda ke shigar da sunayen waɗanda ake nema. Amsa ɗaya ce cikin uku: a sayar, a dakata, ko a hana. Idan kwana uku na aiki suka cika ba a yanke hukunci ba, dokar tarayya ta ba dillali damar sayarwa. Ta wannan kafa ce Dylann Roof ya samu bindigar da ya kashe mutum tara da ita a wani coci a birnin Charleston a watan Yunin 2015.

Taƙaddama kan ma'anar mai gudun shari'a

Dokar tarayya ta ce mai gudun shari'a shi ne wanda ya tsere daga wata jiha domin kauce wa tuhuma ko ba da shaida a shari'ar laifi. Hukumomi biyu sun daɗe suna saɓani kan wannan jimla. FBI na ganin duk wanda ke da sammacin kamu a kansa ya shiga ciki. ATF kuwa ta dage cewa sai an nuna mutum ya ƙetare iyakar jiha.

Ma'aikatar Shari'a ta goyi bayan ATF, kuma sabuwar fassarar ta fara aiki a watan Fabrairun 2017. An cire sunaye kimanin rabin miliyan daga rukunin masu gudun shari'a. Tun daga lokacin, wanda kotu ke nema amma bai bar jiharsa ba, sammacin kaɗai ba ya hana shi sayen bindiga a dokar tarayya. Sai dai idan an riga an gurfanar da shi kan babban laifi, ko kuma dokar jiharsa ta fi ta tarayya tsauri.

Inda ake kamawa a cikin shago

Hana sayarwa daban, kamu daban. Ma'aikacin FBI da ke Clarksburg ba shi ke zuwa shago ba, kuma dillali ba ɗan sanda ba ne. Iyakarsa ya ƙi miƙa bindiga. Ba a ma gaya masa dalilin hanawa.

Lamarin ya bambanta a jihohin da suka zaɓi su riƙa yin binciken da kansu, irin su Virginia da Pennsylvania da Colorado da Oregon da Tennessee. A Virginia da Pennsylvania 'yan sandan jiha ne ke amsa kiran dillali, saboda haka da zarar sunan wanda ake nema ya bayyana, suna iya tabbatar da sammacin su tura jami'i yayin da mai sayen ke tsaye yana jiran amsa. 'Yan sandan Pennsylvania kan fitar da rahoto duk bayan wata uku, wanda ke nuna adadin waɗanda aka kama a wurin ciniki.

A matakin tarayya kuwa, hukunci ya yi ƙaranci. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokoki, GAO, ya gano cewa a shekarar kasafi ta 2017 an hana ciniki kimanin 112,000, ATF ta tura kimanin 12,700 domin bincike, amma zuwa Yunin 2018 shari'a 12 kacal aka shigar. A watan Maris na 2022 aka yi dokar da ta wajabta sanar da 'yan sandan jiha ko na yanki cikin awa 24 duk lokacin da aka hana wani. Dokar ta tsaya kan sanarwa; kamu yana hannun 'yan sandan da aka sanar.

Giɓin da ya rage

Binciken ya dogara da abin da aka shigar cikin rumbu. Ba kowane sammaci ake shigarwa a NCIC ba, musamman na ƙananan laifuffuka. A Nuwamban 2017 wani tsohon sojan sama ya kashe mutum 26 a coci a Sutherland Springs da ke jihar Texas, da bindigar da ya saya a shago, domin rundunar ba ta aika wa FBI hukuncin da aka yi masa ba. Haka kuma dokar tarayya ba ta tilasta bincike a cinikin da mutum biyu 'yan jiha ɗaya suka ƙulla tsakaninsu ba, ko da yake jihohi irin su California da New York sun wajabta shi. Akwai kuma marasa laifi da ake hanawa saboda sunansu ya yi kama da na wani. Su doka ta ba su damar ɗaukaka ƙara, inda hoton yatsa ke raba gardama.